Fim ɗin tsoro na maita da ciwo: tambayoyin da ake min a shago

Ina da ɗan shagon caji da turin finafinai a ƙauyenmu ta wajen Gaya, kuma bayan fassarar Indiya babu abin da samari suka fi cewa in zuba musu a memori kamar fim ɗin tsoro, musamman wanda mayya za ta kama mutum jikinsa ya fara ruɓewa. Kullum a kan benci tambayoyin ɗaya ne, na ce bari in amsa gaba ɗaya in huta.

Wai me ya sa ba a kashe wa irin finafinan nan kuɗi?

Ai duhu kyauta ne malam. Fim ɗin faɗa sai an ƙona mota, na soyayya sai an ɗauko jaruma mai tsada da gidan bene, amma na tsoro kango ɗaya da tocila da mutum uku sun isa. A 1999 aka fitar da The Blair Witch Project a Amurka, labarin ɗalibai uku da suka shiga daji bin diddigin wata mayya, kuɗin ɗaukarsa bai wuce dala 60,000 ba amma ya kawo kusan dala miliyan 250, kuma har aka tashi fim ɗin ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya, sai kuka da gudu da kyamara tana rawa. Paranormal Activity na 2007 kuwa a gidan daraktan aka ɗauka, da wajen dala 15,000.

Jinin nan da gyambon da muke gani fa, da me ake yi?

Jinin dai ruwan zaƙi ne mai kauri da ake yi daga masara, a zuba masa kalar abinci ja. A Night of the Living Dead na 1968 ma narkakken cakulan suka yi amfani da shi tunda hoton baƙi da fari ne, wa zai gane. Gyambo kuma ruwan roba ne da auduga ake shafawa a fata, in ya bushe a yage shi a yi masa kala. In ka ga kumburi yana motsi a wuya ko a ciki, 'yar balan-balan ce a ƙarƙashin fatar roba, wani yana gefe yana hura ta da siririn tiyo. Ƙarar karyewar ƙashi ma sau da yawa karas ne ko kabeji ake karyawa a bakin makirfo. Ƙanina ya taɓa kwaɓa zobo da sitaci wai zai yi bidiyo da waya, jinin ya yi kyau wallahi, sai dai ƙudaje sun riga kyamarar zuwa.

Me ya sa na ciwo ya fi na aljani tayar da hankali?

Don mun san shi. Aljani labari muke ji, amma waye a cikinmu bai taɓa jinyar wani ba. Wani darakta ɗan Kanada, David Cronenberg, da wannan ya yi suna, mutum yana tsaye gaban madubi farcensa da haƙoransa suna zubewa. Na taɓa nuna wa kakana wani wajen da tsutsa ke fita daga jikin mutum, ya kalla ya ce wannan ai wasan yara ne, ya ɗage wando ya nuna min tabon kurkunu a idon sawunsa, ya ce makonni aka yi ana naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan don kar ta tsinke a ciki, ga damina ga gona ba mai shiga. Tsutsar tana kai mita ɗaya. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da ita a Najeriya.

Mu a nan ana yin irinsu?

'Yan kudu sun fi mu nisa, tun Living in Bondage na 1992 suke kan tsafi da kuɗin jini. Namu na Hausa an fi karkata wajen soyayya da rikicin kishiya, bokan ma in ya fito jan ƙyalle ne da ƙwarya da dariyar da ba ta ƙarewa. Ga kuma hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa a 2001, ba komai ne zai wuce ta hannunta ba.

Yaya, to ciwon da suke nunawa kamun maye ne da gaske?

Fatawa ta malamai ce, ni mai caji ne. Amma abin da fim ke kira kamu, yawanci yana da suna a asibiti. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, sanƙarau kenan, wanda ya kashe dubban mutane a arewa a 1996. Zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa yana sa suma da sambatu, yaro ya dinga kiran sunan duk wanda ya zo bakinsa, nan take a ce wance ta kama kurwarsa a je a jawo ta ta tsallake shi, ana wannan rigimar lokacin kai shi asibiti yana wucewa. Kuma ku lura, a fim ɗin ma da a gari kusan kullum tsohuwa ce mara gata ake nunawa. Ba nisa, a ƙaramar hukumar Wudil a 2023 aka kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a gonarta saboda wata mara lafiya ta ce ta gan ta a mafarki tana bin ta da wuƙa, a watan Fabrairun 2025 kotu a Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa. Dokar ƙasa ma ta haramta jifan mutum da maita.

Shi ya sa ka daina tura wa ƙananan yara?

E. Bara na ji yara suna bin Iya mai ƙosai suna kiranta da sunan mayyar wani fim da ni na zuba musu, ita ba ta ma san me suke nufi ba tana ta dariya tana miƙa musu gutsattsarin ƙosai. Yanzu yaro in ya kawo waya sai dai ƙwallo ko barkwanci, in ya matsa in ce ya turo babansa.