Fiyus da Wayarin na Na'urar Zuƙe Hayaƙin Kicin

Na'urar zuƙe hayaƙi, wadda masu sayar da kayan kicin ke kira hud, ita ce wannan rumfar ƙarfen da ake kafawa saman murhun gas ko na lantarki don ta janye hayaƙi da tururi da maiƙon suya. A cikinta ba wani abu mai yawa, fanka ce da mota, wato ɗan injin lantarki, ke juyawa, sai ƙwan fitila ɗaya ko biyu, sai ragar tace maiƙo. Iri biyu ce, akwai mai fitar da iska waje ta bututu, galibi mai faɗin milimita 125 ko 150, akwai kuma mai tace iskar da gawayi ta mayar da ita cikin kicin ɗin.

Wutar da take ci kaɗan ce, kuma a nan ne mutane ke yin kuskure, saboda suna ganin ta ƙatuwa sai su ɗauka ai dole sai babban fiyus. Yawancin na gida ba sa wuce wat 100 zuwa 300. Lissafin kuwa mai sauƙi ne, a raba wat da bolt a samu amfiya, to idan hud ɗin wat 250 ce a kan wutar bolt 230, abin da take ja bai fi amfiya ɗaya da ɗan ɗori ba. Shi ya sa fiyus mai amfiya 3 ne aka fi sa mata, don yana ɗaukar kaya har wajen wat 700. Wasu kamfanonin sukan rubuta amfiya 5, to abin da ke cikin takardar na'urar shi ake bi, ba abin da mai shago ya faɗa ba.

Wannan tsari na sa fiyus cikin filogi daga Birtaniya ya samo asali, filogi mai ƙafa uku masu kusurwa da ake kira BS 1363 wanda ya fito a 1947, shi ne dai ake amfani da shi a Najeriya da Gana. Ƙaramin fiyus ɗin da ke cikinsa lambarsa BS 1362, kuma ana gane shi da launi, mai amfiya 3 ja ne, mai 13 ruwan ƙasa, mai 5 baƙi. Matsalar ita ce filogin da ake saya a kasuwa kusan duk da mai 13 yake zuwa, sai a ɗaura a wuce. Alhali aikin fiyus shi ne ya kare wayar da ke bayansa, ya tsinke kafin ita ta yi zafi ta narke, to siririyar wayar hud mai kaurin murabba'in milimita 0.75 wadda iyakarta amfiya 6 ina za ta iya jiran fiyus mai 13 ya ƙone, ga shi kuma wuri ne da maiƙo ke taruwa. Wanda ya fi wannan muni shi ne masu naɗa silin waya a gurbin fiyus idan ya mutu.

Wajen jona ta hanya biyu ce. Ko a sa soket can sama a ɓoye cikin murfin bututun a cusa filogi, ko kuma a bi ta wani ɗan akwatin bango mai makunni da gurbin fiyus, wanda ke yanke layif (wayar da ke kawo wuta) da nutural (wadda ke mayar da ita) a tare. Na biyun ya fi tsari, don ana iya kafa shi inda hannu zai kai, ba sai an kwance murfi an hau kujera ba duk ranar da fiyus ya mutu. Ana ɗauko masa wuta daga layin soket na kicin, wanda a tsarin Birtaniya bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa idan kaya ya yi yawa) mai amfiya 32 ke tsaronsa da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Jona hud kai tsaye a layin babban murhun lantarki ba tare da fiyus a tsakani ba ganganci ne.

Launin waya ma sai an lura. A wayar na'urar, ruwan ƙasa ita ce layif, shuɗiya nutural, mai kore da rawaya ita ce ta atin, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa idan ta taɓa jikin na'urar. A bango kuwa, tsofaffin gidajen Birtaniya da gidaje da dama a Najeriya ja ce layif, baƙa nutural. Hud mai jikin ƙarfe dole a haɗa mata atin, sai dai idan akwai alamar murabba'i cikin murabba'i a jikinta, wannan an yi mata rufi biyu ba ta buƙata. Kafin a taɓa komai a kashe bireka a gwada da abin gwaji, gidan da ke da janareta ko inbata kuma a tabbatar su ma an raba su da layin.

Tsayi tsakanin murhu da hud galibi santimita 65 ne ga na lantarki, 75 ga na gas, kuma ba a kafa soket ko makunni daidai saman wuta. Idan fiyus ɗin da ya dace yana ta mutuwa, sau da yawa ƙwan fitila ne ya ƙone ya tafi da shi, ko motar ta cushe da maiƙo, ko ƙusa ta huda waya lokacin kafawa, nan sai a kira mai gyaran wuta ya duba.