Tulun da ke ƙarƙashin motar asibiti

Wannan saƙo na direbobin motocin asibiti ne, da majo-majo, wato shugabannin likitocin karkara, da kwamitocin da ke riƙe da kuɗin gyara a jihar Tawa. Ni ma'aikacin lafiya ne. Na yi shekaru ina fita ƙauyuka aikin rigakafi, da damina kuma rabon maganin da ke kare yara ƴan wata 3 zuwa 59 daga zazzaɓin cizon sauro. Rabin rayuwar aikina a kujerar gefen direba na yi shi, kuma a nan na koyi abin da zan faɗa a kan yadda za a kare pon ɗin mota, wato sandar da ta haɗa tayu, daga dutse da ruwa.

Wani dare cikin watan Agusta muka ɗauko wata mata daga wata likitar karkara a yankin Keita. Ta kwana tana naƙuda, abin ya gagara, sai an yi mata aiki a Tawa. An yi ruwa da yamma, ƙorama ta wanke yashin hanya ta bar duwatsu tsirara. Muna sauka wani kwari muka ji ƙum daga ƙasa. Direbanmu dattijo ne mai hankali, ya tsaya ya haska tocila, ya duba tayu da inji, bai ga komai ba. Muka ci gaba. Can gaba sai wani gurnani ya taso daga bayan mota, yana ƙaruwa in an taka, sannan wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ciki. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Malam, pon ne. Ka yi addu'a." Ba mu yi nisa ba motar ta tsaya. Da ya shiga ƙarƙashi, dutsen ya doki bushon na ƙasa, wato murfin ramin zubar da man pon, ya tsaga gefensa, mai ya tsiyaye tun daga kwarin nan, ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Sai gab da asuba muka samu wata mota. Matar Allah ya yi da sauran kwananta, jaririn bai zo da rai ba. Rai na Allah ne, amma awoyin da muka yi a dajin nan, da kukan uwar matar a bayan mota, ba su bar ni ba har yau.

Abin da makanikanmu ke kira pon shi ne doguwar sandar ƙarfen da ta haɗa tayu biyu, mai kumburi kamar tulu a jikinta. A cikin tulun akwai haƙoran ƙarfe da ke karɓar juyin kardan, sandar da ke kawo ƙarfin inji, su raba shi ga tayar dama da ta hagu, su kuma bar ta waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Duka haƙoran nan da rulma, wato boris ɗin da suke juyawa a kai, suna wanka ne cikin mai da bai wuce lita biyu zuwa uku ba. In man ya fita, ko ruwa ya shiga, ƙarfe na cin ƙarfe har ya ƙone. Babu fitilar da za ta kama a gaban direba ta gaya masa. Sai dai kunne da hanci, su ma bayan ɓarna ta yi nisa.

Tulun nan kuma shi ne mafi kusa da ƙasa a duk jikin mota. A Land Cruiser irin ta asibitocinmu, wadda Toyota ta fara ƙera jerinta tun 1984, tsakanin gindin tulu da ƙasa santimita 20 ne da ƴan kai, kamar taƙi ɗaya na babban mutum. Duk dutsen da ya fi haka tsayi, in ka sa shi a tsakanin tayu, da tulu zai gaisa. Duwatsun Adar kuwa kowa ya san su. Daga Keita zuwa Buza, da gangaren Majiya, hanyar da ka bi lafiya a watan Mayu ba ita za ka tarar ba bayan ruwa biyu. Manyan motoci kuma suna haƙa ramuka biyu su bar tudu a tsakiya, tayunka na cikin ramin, tulunka na noman tudun.

Akwai kuskuren da na sha gani ana kashe masa kuɗi. A kai mota gareji a ƙara mata lam, wato ƙarafan sifirin, ko a ɗaga ta sama, a ce yanzu ta fi ƙarfin dutse. Jikin motar ne ya tashi, tulun na nan inda yake, domin a kan tayu yake zaune. Tsayin taya kaɗai ke ɗaga shi, shi ma rabi: tayar da ta fi ta da tsayi da santimita 4, santimita 2 za ta ba ka. Haka nan farantin ƙarfen da ake ɗaurewa a jikin shasi ƙarƙashin inji yana kare inji da buwat, wato akwatin giya, amma bai kai ga pon ba, domin pon hawa da sauka yake tare da tayu. Kariyarsa dole a jikinsa take.

To, kafin a sayi komai, a durƙusa a duba wace irin mota ce. Land Cruiser tana da pon mai tulu gaba da baya, kuma tulunta ba a tsakiya yake ba, ya karkata wajen dama, ɓangaren mai zaman gefen direba. Direban da ya san wannan ya san ta inda zai bar dutse ya wuce. Na gaba shi ke fara cin karo, fuskarsa kuma ƙarfe ne marar kauri sosai, in ya loɓa ciki yana iya taɓa manyan haƙora. Hilux na zamani, irin waɗanda ke fitowa tun 2005, daban suke: a gaba kowace taya da hannunta, tulun na manne da shasi, don haka faranti mai kyau a ƙarƙashi yana rufe shi. Abin tsoro a wurinta robobin da ke rufe gaɓoɓin kardan na gaba ne. Kututture ko ƙaya in ya yaga ɗaya, giris ya fita, yashi ya shiga, cikin ɗan lokaci za ka ji ƙas-ƙas a kwana. Bayanta kuwa pon ne mai tulu a tsakiya.

Garkuwar tulu iri biyu ce a kasuwa da wajen maƙeranmu: wadda ake ɗaurewa da kusoshi, da wadda ake liƙawa da walda. Ga motar asibiti ni ta kusoshi nake zaɓa. Ana cire ta a wanke, ana ganin yoyo in ya fara, in ta lanƙwashe a buge ta a mayar. Ta walda ta fi ƙarfi, ba ta kuma cin tsayi sosai, amma tana son gwanin hannu. Zafin walda in ya taru wuri ɗaya yana karkatar da pon kaɗan, yadda ido ba ya gani, daga nan robar tare mai ba ta sake riƙewa, taya ta riƙa cinyewa gefe ɗaya. In dole sai walda, a zubar da mai, a cire kan batir, a yi ta guntu-guntu ana barin ƙarfe yana hucewa, a sake sabon mai bayan an gama. Wasu motocin tulunsu na da murfi mai kusoshi, su ana iya musanya murfin da mai kauri, a huta.

Maƙeran Tawa da Ƙonni sun iya aiki, ban raina su ba ko kaɗan. Sai dai a gaya musu abin da ake so, kada a ce kawai "a sa mata ƙarfe". Ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6 ya wadatar wa tulu. Gabansa ya zama a gangare kamar ƙirjin kwalekwale, don ya zame a kan dutse maimakon ya kafe. Ya lafe a jikin tulu, domin duk yatsa ɗaya da ya sauko ƙasa, yatsa ɗaya ne ka rage wa motar. Kawunan kusoshi kada su leƙo ƙasa, dutse zai aske su, ranar cirewa a rasa inda sifana za ta kama. A bar ƙofar da hannu zai kai ga bushon na zuba mai da na zubarwa, in ba haka ba yaron gareji zai ƙi taɓa su, a yi shekara ba a duba ba. A kuma huda ramuka a ƙasa don laka da ruwa su fita. Na taɓa ganin wata garkuwa da aka yi kamar akwati, da aka kwance ta sai da aka sa ƙarfe aka fasa busasshiyar lakar da ke ciki, ta zama kamar tubali. Pon da iska yake shan sanyi, wannan kuwa an lulluɓe shi da bargo a zafin watan Afrilu. Irin wannan, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Faranti na ƙarƙashin inji ma haka, yana tara busasshiyar ciyawa kusa da salansa, bututun hayaƙi mai zafi, a kaka wannan wuta ce.

In kuɗi bai kai ga garkuwa ba, a fara da bushon. Ɗan zoben ƙarfe ne ke kewaye da shi daga masana'anta, a tsofaffin motocinmu duwatsu sun cinye shi tas. Mai walda zai maido da shi da jika kaɗan. Wannan zoben ne babu a motarmu daren nan.

Yanzu ga abin da ya fi dutse kashe pon a ƙasar nan, wanda garkuwa ba ta yi masa komai: ruwa. A saman kowane pon akwai wani ɗan hanci da yake numfashi da shi, bai fi kan yatsa ba. Ka yi tafiyar awa biyu, tulu ya yi zafi, ka faɗa ƙorama. Sanyin ruwa ya sa iskar ciki ta tsuke nan take, pon ya ja numfashi, abin da ke bakin hancin ko bakin robobi shi zai shaƙa. Motar za ta fita lafiya, ta yi mako biyu ko uku tana aiki, ruwan na cin rulma a hankali, sai wata rana gurnani ya fara, kowa ya manta da ƙoramar. Maganinsa tiyo ne. A cire hancin, a sa bakin da zai karɓi tiyo irin na mai, a ja shi sama zuwa ɗakin inji ko wani wuri mai tsayi, a sa masa ƴar matata a ƙarshe, a juya bakin ƙasa. A bar masa sassauci yadda in pon ya sauka ba zai tsinke ba, a nisanta shi da salansa. Wannan aikin bai kai kuɗin taya ɗaya ba, kuma a ganina shi ya kamata a fara yi wa duk motar da ke tsallake ruwa. Da rani ma hancin na da aiki: ƙura in ta toshe shi, iskar ciki ta rasa mafita, sai ta turo mai ta robobi har ya jiƙa birki. In ka ga mai a cikin tayar baya, ka duba hancin kafin ka sayi roba.

Duba mai ba ya buƙatar makanike. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kwance bushon na gefe, a sa ɗan yatsa. Mai ya kamata ya kasance a bakin ramin. In ya fito kamar zuma ko ya yi ɗan duhu, lafiya. In ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, a zubar a ranar, kada a jira lokacin bidanji, wato canjin mai. Kullum a fara kwance na sama kafin na ƙasa, kada a zubar da mai sannan a tarar na zubawa ya ƙi buɗuwa. Bushon na ƙasa yana da maganaɗisu: laushin baƙin gari a kansa ba komai, amma ɓarɓashin da ke sukar yatsa alama ce haƙora sun fara karyewa. Man kuma na pon ne, wanda aka rubuta GL-5 a jikin galan, lamba 90 ko 80W-90 ko abin da littafin motar ya ce. Man inji ba ya ɗaukar matsin haƙoran nan. A saya a rufe, a inda aka yarda da shi.

Ƴan'uwana direbobi, sauran yana ƙafarku. Dutsen da ba ya kaucuwa a hau shi da taya a hankali, kada a bar shi a tsakiya. In taya na juyawa a banza cikin laka ko yashin Abalak da Cintabaradan, a ɗaga ƙafa, domin lokacin da ta cafki ƙasa da ƙarfi ne sandar ciki ke karyewa. A rage iska, a haƙa, a sa reshe. Da an hau kwalta a cire ƙafa huɗu, wato giyar da ke sa tayu huɗun duka su ja. Tayu biyun pon ɗaya su zama girma ɗaya, in ba haka ba ƙananan haƙoran ciki ba sa hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya. Lodi kuma, na san yadda ake yi: mara lafiya ɗaya, ƴan rakiya takwas, da buhun hatsi, da itace a sama. Yana da wuya a ce wa dangi a'a, amma nauyi da gargada su ke lanƙwasa pon. Majo ya kamata ya yi wannan maganar da dangi, kada a bar direba shi kaɗai da ita.

Ku kuma masu riƙe da kuɗi, in direba ya zo ya ce yana son tiyo da mai lita shida da zoben bushon, kada a ce masa ai motar na tafiya. A sa shi cikin shirin damina tare da magunguna da gidajen sauro, a gama shi a watan Mayu kafin ruwan farko. A cikin motar kuma a ajiye galan ɗin man pon, da bushon na ajiya da wanshinsa, da sifanar da ta dace da shi, da gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu wanda ke toshe ƙaramar tsaga har a isa gari. A motarmu yanzu suna cikin wata tsohuwar jakar rigakafi a bayan kujerar Baba. Duk sanda muka ji ƙum, yakan shimfiɗa buhu ya kwanta da tocila, ya shafa gindin tulun gaba da na baya da tafin hannu, ya duba hannun a haske, sannan mu tashi.