Shin kotu ba ta da hurumi a kan sauyin yanayi?

An daɗe ana cewa sauyin yanayi lamari ne na gwamnatoci kawai, kotu ba ta da hurumi a cikinsa. Ba haka abin yake ba. A 2005 wata kotun tarayya a Najeriya ta yanke cewa ƙona iskar gas a Neja Delta ya saɓa wa haƙƙin rayuwa, ko da yake har yanzu ba a daina ƙonawar ba. A 2015 kuma wani manomi a Pakistan ya maka gwamnatinsa a kotu kan jan ƙafa wajen aiwatar da manufofinta na yanayi, ya kuma yi nasara.

Mai son tabbatarwa ya nemi kwafin hukunce-hukuncen biyu a intanet, ya karanta abin da alƙalan suka umarta. Don Allah a yaɗa wannan bayani.