Wasan Ƙarshe na Gasar Zakarun Turai ta Mata na 2021

Wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai ta Mata na kakar 2020/21 an buga shi ne ranar Lahadi, 16 ga Mayun 2021, a filin Gamla Ullevi da ke birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin. Barcelona ta Sifaniya ta lallasa Chelsea ta Ingila da ci 4-0, ta ɗauki kofin a karon farko. Ba a bar 'yan kallo sun shiga filin ba saboda annobar korona. Riem Hussein 'yar Jamus ce ta busa wasan.

Kafin wannan kaka, kofin ya zama tamkar kayan gadon Lyon ta Faransa, wadda ta ɗauke shi sau biyar a jere daga 2016 zuwa 2020. Paris Saint-Germain ce ta yi waje da ita a kwata fainal, ita kuma Barcelona ta fitar da PSG da ci 3-2 gida da waje. Chelsea, ƙarƙashin koci Emma Hayes, ta haye ne bayan ta doke Bayern Munich 5-3 a jimilla, kuma wannan ne zuwanta wasan ƙarshe na farko. Barcelona kam ta taɓa ɗanɗana ɗacinsa, don a 2019 Lyon ta ɗura mata 4-1 a Budapest.

Ko minti ɗaya ba a cika ba aka fara zura ƙwallo. Lieke Martens ta Barcelona ta buga wata ta daki turken sama, ƙwallon ta yi ta yawo a gaban ragar Chelsea, Fran Kirby ta Chelsea ta yi ƙoƙarin fitar da ita, sai ƙwallon ta bugi abokiyar wasanta Melanie Leupolz ta yi sama ta faɗa ragarsu. Leupolz ɗin dai, baiwar Allah, ita aka kama da yi wa Jenni Hermoso ƙeta, Alexia Putellas ta ci fenareti a minti na 14. Aitana Bonmatí ta ƙara ta uku a minti na 21, sannan Martens ta yanke Niamh Charles ta gefen hagu ta miƙa wa Caroline Graham Hansen ta huɗu a minti na 36. Chelsea ta samu damarmaki, musamman ta hannun Pernille Harder, amma ba ta yi amfani da su ba, kuma tun kafin hutun rabin lokaci magana ta ƙare. Bonmatí aka zaɓa gwarzuwar wasan.

Asisat Oshoala ta Najeriya ta shigo canji a zagaye na biyu, ta zama 'yar Afirka ta farko da ta lashe wannan gasa. Ita ce kuma ta ci wa Barcelona ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe na 2019.

Da wannan nasara ta koci Lluís Cortés, Barcelona ta zama ƙungiyar Sifaniya ta farko da ta ɗauki kofin, kuma ta farko a Turai da ta haɗa na maza da na mata. Putellas ta karɓi kyautar Ballon d'Or a ƙarshen shekarar. A ɓangaren Chelsea kuwa, kwana 13 bayan wannan kashi ƙungiyarta ta maza ta doke Manchester City 1-0 a Porto ta ɗauki nata kofin.