Goge tsabar zinariya ba ya ƙara mata kuɗi

A Damagaram, da an ga tsabar zinariyar gado ta kwarzane, sai a ce a kai wa maƙeri ya goge ta, wai za ta fi tsada. Ba haka ba ne. Tsabar da sikeli ke yanke wa farashi, kamar yawancin Napoleon, wato tsohon kuɗin zinariya na Faransa na faran 20 mai giram 6.45, ɗan kwarzane ba ya rage mata abin kirki. Amma tsohuwa mai wuyar samu, fuskarta masu tarawa ke saye. Da madubin ƙara girma suke dubawa, kuma gugar maƙeri tana barin siraran layuka, tana cinye gashin kan hoton mutumin da ke jikin tsabar. Sai farashin ya gangaro kusa da na nauyi kawai. Gara a bar ta da dattinta, in za a ɗauka a kama bakin gefenta.