Waiwaye: Ƙarfin Kanada da haƙurin Finland a hokin ƙanƙara na matasa

Mita huɗu ne asalin zancen. Filin hokin ƙanƙara a Kanada faɗinsa kusan mita 26 ne, na Turai kuwa yakan kai 30. A matsattsen fili babu lokacin dogon tunani, shi ya sa yaran Kanada suka tashi da salon wurga ƙwallo can bayan ragar abokan karawa, su bi ta a guje, su haɗa mai tsaron baya da katanga, su ƙwace. Da wannan suke razana kowa tun 1982 da suka fara ɗaukar kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20. Sau biyu suna riƙe shi shekara biyar a jere, daga 1993 zuwa 1997, da kuma 2005 zuwa 2009.

Finland mai mutum miliyan biyar da rabi ba ta da yawan da za ta yi irin wannan kokawa. Ko kofinta na farko a 1987 ya zo ne bayan an kori Kanada da Tarayyar Sobiyet saboda damben da ya ɓarke tsakaninsu a garin Piestany na Cekosulobakiya ta lokacin. Sai ta rungumi haƙuri. Za ka ga mai tsaron baya ya tsaya cak a bayan ragarsu, ƙwallo a bakin sandarsa, yana jira har sauran huɗun su jeru, sannan a taso tare ana miƙa wa juna. In ta kuɓuce, su toshe tsakiyar fili. Su da kansu "meidän peli" suke ce masa, wato wasanmu. Ga shi kuma gwanayensu tun suna shekara 17 suke bugawa da manya a Liiga, babbar gasar hokin ƙasarsu, alhali yawancin na Kanada da tsararrakinsu suke karawa.

Sakamakon ya fito a 2014 a birnin Malmo na Suwidin, inda suka lallasa Kanada 5-1 kafin su ɗauki kofi. A 2016 a Helsinki, ƙarƙashin koci Jukka Jalonen, su Patrik Laine da Sebastian Aho suka sake fitar da ita da ci 6-5.

Amma ni wasan 2019 ne ya fi tsaya mini a rai, domin a birnin Bankuba (Vancouver) aka yi shi, kan matsattsen filin Kanada, gaban jama'arta. Kanada na gaba da ci ɗaya, saura ƙasa da minti ɗaya Finland ta farke. A ƙarin lokaci sandar Noah Dobson na Kanada ta karye daidai lokacin da zai buga, Toni Utunen na Finland ya je ya ci. A ganina ranar ce hujjar faɗin fili ta faɗi.

Kanada ta rama a wasan ƙarshe na Agustan 2022 a Edmonton, da ƙyar. Ƙwallo tana gab da tsallake layin ragarsu Mason McTavish ya kaɓe ta da sanda, jim kaɗan Kent Johnson ya ci, aka tashi 3-2.