Bayan Yaƙin Cacar Baka: tambayoyin da ake jefowa a teburin mai shayi na Mile 12

Da safe a bakin kasuwar Mile 12 da ke Legas, rediyo na kunne, ana jiran motocin kaya daga Arewa, gardama kan kai ga waɗannan tambayoyi.

Me ya canza da Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991?

Kafin nan, Amurka da Sobiyat kowacce tana da yaranta a Afirka, tana ba su kuɗi da makamai ko da shugaban azzalumi ne. Da gasar ta ƙare sai iyayen gida suka janye hannu. Mengistu na Habasha ya tsere a 1991, Siad Barre na Somaliya ma ya faɗi a shekarar. Bindigogin da aka raba kuwa babu wanda ya dawo ya karɓe su.

To, ina ruwan Najeriya?

A nan Legas aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1975, domin kasuwanci. Da madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya kutsa Laberiya a Disamban 1989, manyan ƙasashe suka kau da kai. Najeriya ce ta ja ragamar ECOMOG, dakarun kiyaye zaman lafiya na ECOWAS, zuwa Laberiya a 1990, ita ce kuma ta mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a 1998. Ƙungiyar ciniki ta koma 'yar kwana-kwana.

Wace irin barazana ce sabuwa?

Wadda ba ta da kaki, ba ta san kan iyaka ba. Boko Haram ta ɓarke a 2009. Bayan kashe Gaddafi a 2011 makaman Libiya suka kwararo Sahel, arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye a 2012. A teku ma 'yan fashi sun daɗe suna tare jiragen ruwa a mashigin Gini, hanyar da kayan tashar jiragen ruwa ta Apapa ke bi.

Juyin mulkin Nijar fa, ba Cacar Bakar ce ta dawo ba?

Ni dai ban yarda ba. Gaskiya Mali da Burkina Faso da Nijar sun sallami sojojin Faransa, sun matso kusa da Rasha, sun kafa nasu ƙawancen ƙasashen Sahel mai suna AES, suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Amma babu wata aƙida da ake yaƙi a kanta, kowa neman wanda zai tsare masa kujera yake. Mu kuwa a aljihu muka ji shi: da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, motocin albasa suka yi cirko-cirko tsakanin Konni da Illela, dillalan nan na ta buga waya, buhu na ruɓewa a rana.